Bayan an fito daga bulok: jagora ga mai jinya a Yamai

Awa huɗu aka yi ana yi wa yayana aiki a baya. Mu kuwa muna zaune a inuwa da tabarma da buta, a tunaninmu in dai ya fito daga bulok, wato ɗakin tiyata, da rai, to magana ta ƙare. Ashe ranar ce aka fara. Mota ce ta buge shi a kan babur, ƙashin bayansa ya karye, likitoci suka janye gutsuren da ya danne laka, suka ɗaure sauran da ƙarafa da kusoshi. Bayan kwana goma sha biyu aka sallame mu da leda ɗaya ta magani da babbar ambulan ta hotunan skane. Abin da ya biyo baya, shekara ɗaya da rabi, a ɗakin Inna aka yi shi, kuma mu ne ma'aikatan. Abin da na koya a wannan tsakani, wani daga bakin likita da kine mai motsa gaɓoɓi, wani daga kuskurenmu, shi zan shimfiɗa a nan. Ba ya maye gurbin maganar likitan da ya yi aikin. In maganarsa ta saɓa da tawa, tasa za a bi.

A Yamai masu irin wannan larura wuri biyu suka fi nufa. Akwai Asibitin Ƙasa, tsohon babban lopital, inda sashen tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ya daɗe yana tafiya da sunan Farfesa Samuila Sanoussi. Akwai kuma Asibitin Referans mai gado 500, wanda ƙasar Sin ta gina aka buɗe a 2016. Ana yin aikin a Damagaram ma, amma har yanzu za ka tarar da mutanen Tawa da Dosso da Agadas sun yi zango a gidajen ƴan'uwa a Bukoki ko Talaje, suna jiran ranar komawa ganin likita. Likitocin wannan fanni kaɗan ne, layinsu kuwa dogo. Don haka minti biyar ɗin da za ku samu da likita ranar sallama ya fi kuɗi tsada.

Abin da za ku tambaya kafin ku bar asibiti

Ku zo da littafi da biro, ku zaɓi mutum ɗaya a gidan da zai riƙe maganar, ba yau ƙane gobe kawu ba. A takardar aikin za ku ga harafi da lamba. C na nufin ƙasusuwan wuya, su bakwai ne. D ko T na gadon baya, goma sha biyu. L na ƙugu, biyar. Ku haddace naku, domin duk ma'aikacin lafiyar da za ku gani nan gaba shi zai fara tambaya, kuma shi ke nuna irin haɗarin da za ku sa wa ido. Na Yaya D12 ne.

Sai ku tambaya: yaushe za a cire zare, ya halatta ya zauna ko tukuna, korse na ɗaure baya ko abin wuya har tsawon wane lokaci, wane magani ne ba a tsayar da shi, yaushe za a canza sond, wato robar fitsari. Tambayar da ta fi nauyi a baki ita ce ko lakar ta yanke gaba ɗaya ko da saura. Ku daure ku yi ta. Tiyata na gyara ƙashi ne, tana ɗauke abin da ya danne laka, amma babu likitan da ke ɗinke laka a duniya, ko a Faransa ko a Indiya. Wanda lakarsa ta yi saura, galibin ƙarfin da zai dawo a watanni shida na farko yake dawowa, sannan ya ci gaba a hankali har shekara ko fiye. Sanin wannan ya hana mu sayar da fili don neman wani aikin a waje, kamar yadda aka yi ta ba mu shawara.

Juyi

Mai lafiya yana juyawa cikin barci bai sani ba, domin fatarsa na gaya masa ta gaji. Wanda jikinsa ya shanye ba ya jin wannan kira. Ƙashi ya danne nama a kan katifa, jini ya kasa wucewa, naman ya mutu daga ciki, kafin a gani a waje aikin gama ya gama. Ludwig Guttmann, likitan ƙwaƙwalwa da ya gudu daga Jamus ya buɗe sashen masu raunin laka a Stoke Mandeville ta Ingila a 1944, ya tarar gyambon kwanciya da cutar fitsari ne ke kashe irin waɗannan majinyata, fiye da raunin kansa. Dokar da ya kafa ita ce juyi duk bayan awa biyu, dare da rana. Ba ta buƙatar na'ura, kuma har gobe ita ce dokar.

Mun bi ta mako uku. Sai wani dare aka ɗauke wuta, zafi ya hana kowa runtsawa sai wajen asuba, Yaya ya samu barci. Na tashi zan juya shi, Inna ta riƙe hannuna.

"Ƙyale shi mana, ɗan nan. Yaushe rabon yayanka da barci?"

Na ƙyale shi. Washegari ma muka ƙyale shi, tausayi ya zama al'ada. Kwana huɗu bayan haka ina goge masa jiki na ga wani tabo a ƙasan bayansa, faɗin kwabo, ya fi sauran fatar duhu, yana da ɗumi da tauri kamar an cusa wani abu a ƙarƙashi. Cikin mako ya buɗe. Wata uku muka yi muna pansama, ana wanke ciwon ana ɗaure shi, kuɗin da ya tafi a kai ya kusa na ƙarafan da ke bayansa, kuma duk tsawon lokacin bai iya zama a keke ba, motsa jiki ya tsaya.

Littattafan likitanci na Turawa suna cewa a nemi ja a fata. A fatarmu ba ja za ku gani ba. Ku nemi wurin da ya yi duhu ko ya yi sheƙi, ku taɓa da bayan hannu ku ji ko ya fi gefensa zafi ko tauri. Safe da yamma, da fitilar waya in ta kama, a duba ƙasan baya, kwatangwalo biyu, diddige, idon sawu, allon kafaɗa da ƙeya. In kun ga alama, kada a murza, kada a shafa man zafi. A ɗauke nauyi daga wurin gaba ɗaya har ya koma daidai, in ya buɗe a kai wa ma'aikacin lafiya.

Yadda ake juyin kuwa, a makonnin farko mutum uku ake so. Ɗaya ya riƙe kai da wuya, ɗaya kafaɗa da ƙugu, ɗaya ƙafafu. Na wajen kai ke ba da umarni, a juya shi lokaci ɗaya kamar gungumen icce, kafaɗa da ƙugu su tafi tare, baya bai murɗe ba. Ba a kwantar da shi tsaye a kan kwatangwalo. A ɗan karkata shi, a tokare baya da matashi, a sa wani tsakanin gwiwoyi, wani ƙarƙashin sha-raɓa yadda diddige zai rataye bai taɓa katifa ba. Zanin gado ya zama na auduga, a miƙe shi sumul. Ninki ɗaya ko ƙwayar shinkafa da ta faɗi ta isa ta fara rauni. Ledar da ake shimfiɗawa don fitsari, a sa zani a kanta, kada ta taɓa fata. Kada a ja shi a kan gado, a ɗaga shi da zani. Kuma ku raba dare tsakaninku tun farko, a rubuce, domin mutum ɗaya ba zai iya tashi sau huɗu kowane dare na wata da watanni ba.

A nan zan tsaya kan gashi. Mun saba duk ciwon jiki a gasa shi da ruwan zafi, kuma tsofaffi za su zo da tawul da tukunya da kyakkyawar niyya. Ƙafar da ba ta ji ba za ta gaya muku ruwan ya yi zafi ba, sai dai ku ga fata ta saluɓe. Haka kaskon gawayin shayi kusa da ƙafa, da simintin tsakar gida da rana ta gasa. Haka nan maɗori. Ina girmama sana'arsu a hannu da ƙafa, amma bayan da aka sa wa ƙarfe ba wurin ja da murɗa ba ne, ko wane ne ya kawo sunan gwanin.

Fitsari da bayan gida

Wannan ne sashen da kunya ke hana mutane tambaya, shi ne kuma ke cin ƙoda a ɓoye. In an sallame ku da sond, jakar ta kasance ƙasa da mafitsara kullum, ko a gado ko a keke, don kada fitsari ya koma ciki. Kada robar ta lanƙwashe, kada jakar ta kwanta a ƙasa. A zubar kafin ta cika, a wanke hannu da sabulu kafin da bayan. Ya sha ruwa sosai, lita biyu ko fiye, musamman a watan Afrilu da Mayu da zafin Yamai ke haura digiri 40. Majinyata sukan rage sha don kada su wahalar da mutane. Ku lura da wannan. Fitsarin da ya yi kauri, ya yi wari, ga zazzaɓi da rawar sanyi, kada a ce masassarar sauro ce a sayo ƙwaya. A je a auna duka biyun.

Akwai hanyar da ta fi sond na dindindin ga mutane da yawa: a sa roba mai tsabta, a zubar da fitsari, a cire, duk bayan awa huɗu zuwa shida. Wani likitan Amurka, Jack Lapides, shi ya nuna a 1972 cewa tsabtar gida ta isa a yi haka. Wanda hannuwansa ke aiki yana koyon yi wa kansa cikin ƴan kwanaki. Ku tambayi likita ko ta dace da naku. Ranar da Yaya ya koya, ya ce mini ita ce rana ta farko da ya ji shi magidanci ne tun bayan hatsarin.

Hanji kuma horo yake so. A zaɓi lokaci ɗaya, kullum ko bayan kwana ɗaya, kamar rabin awa bayan karin kumallo, lokacin da hanji ke motsi da kansa. Abincinmu na taimakawa: zogale, rama, kuɓewa, miyar kuka, wake, gwanda. Burodi da shayi da taliya kaɗai ɗaure ciki suke yi. Masai na tsugune ya fita daga lissafi. Kafinta ko mai walda a kasuwar Katako zai yi muku kujera mai rami da hannuwa biyu, tsawonta daidai da na keken, a lulluɓe bakin ramin da soso mai laushi.

Wanda rauninsa ke D6 zuwa sama, da duk masu raunin wuya, akwai abin da ya kamata kowa a gidan ya sani har yara. In ciwon kai mai sara ya taso masa farat ɗaya, fuska na zufa, hanci ya toshe, to hawan jini ne mai tsanani, kuma yawanci mafitsara ce ta cika ko hanji. Kada a kwantar da shi. A zaunar da shi, a sauke ƙafafu, a sassauta tufafi, a duba ko sond ta toshe ko ta lanƙwashe. In bai lafa cikin ƴan mintuna ba, a yi asibiti. Su ne kuma jikinsu ba ya zufa yadda ya kamata, don haka a ranar zafi sai da jiƙaƙƙen tawul da mafici.

Kine

Wanda ƴan'uwanmu na Kano ke kira likitan gashin ƙashi, mu kine muke ce masa. Zai gan ku sau biyu ko uku a mako in aljihu ya yarda. Sauran kwanakin naku ne, don haka kada ku zauna a waje kuna latsa waya yana aiki. Ku shiga, ku kalla, ku ce ya kama hannunku ya nuna muku. Kowace gaɓa da ba ta motsi da kanta, a lanƙwasa ta a miƙe ta sau goma, safe da yamma, a hankali, ba a wuce inda ta tsaya. Gaɓar da aka bari makonni ƙanƙancewa take yi, kuma na ga wanda ƙarfin ƙafarsa ya dawo amma ya kasa tsayuwa domin tafin ƙafar ya riga ya sunkuya ya daskare. Matashi mai tauri a tafin ƙafa, yadda yatsu za su dubi sama, shi ke hana wannan.

Kuna motsa ƙafa kuna duba sha-raɓa. In ɗaya ta kumbura ta fi ƴar'uwarta, ta yi ɗumi, to a daina taɓa ta, a je asibiti a ranar. Gudan jini ne mai yiwuwa, in ya ɓalle huhu yake nufa. Allurar cikin da ake rubuta muku a makonnin farko don wannan ce, kada a yanke ta don tsada ba tare da an gaya wa likita ba.

Ranar farko ta zama, jiri zai kwashe shi. A ɗaga shi mataki-mataki cikin kwanaki. A keke, duk bayan minti 15 zuwa 30 ya ɗaga jikinsa da hannuwa ko ya karkata gefe. Kada a sa masa tib na taya ko wani abu mai rami a tsakiya ya zauna a kai, bakin zoben ne ke yanke jini. Don keke da takalmin gyara da sanduna, ku fara da sashen kayan naƙasassu na Asibitin Ƙasa kafin ku sayi na gwanjo da bai yi daidai da jikinsa ba. Masu yara kuma su san da asibitin CURE, wanda ke aikin ƙashin yara a Yamai tun 2010.

Wanda aka yi wa ƙaramin aiki, kamar na faifan baya da ya zame ya danne jijiya, shi da ƙafarsa zai fito, kuma haɗarinsa shi ne ganin ya warke. Mako shida babu sunkuyo, babu murɗa ƙugu, babu ɗaukar abin da ya wuce kilo biyar. Bokitin lita goma kilo goma ne. Ga mata wannan na nufin babu daka, babu goyo, babu shara da gajeriyar tsintsiya, babu wanki a duƙe, kuma sai maigida da uwar miji sun ji daga bakin likita kafin su yarda, don haka a tafi da su. Babu hawa kabu-kabu. Tafiya a ƙasa kuwa kullum, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Salla a zaune a kujera, malamai ba su da saɓani a kan halaccinta ga mai uzuri. Wanda tarin fuka ya ci wa ƙashin baya, maganinsa kyauta ne, amma na watanni tara zuwa shekara ne, kuma barinsa a tsakiya haɗari ne babba.

In a kai aka yi aikin

Tsohon da jini ya taru masa a ƙarƙashin ƙoƙon kai makonni bayan ƴar faɗuwa, aka huda aka zuƙe, yakan farfaɗo da sauri har a yi mamaki. Amma jinin na iya sake taruwa. Barcin da ya yi yawa, ciwon kai mai ƙaruwa, amai, ruɗewa, rauni a gefe ɗaya, ko ruwa garai-garai da ke ɗiga daga ɗinki ko hanci, duk na komawa asibiti ne a take, ko da tsakar dare. Yaron da aka sa wa robar janye ruwan kai ma alamunsa ke nan in ta toshe. A ɗaga kan gado kaɗan. In an cire wani ɓangare na ƙoƙon ba a mayar ba tukuna, kada ya kwanta a kan gefen, kada ya yi tafiya ba mai riƙe shi.

Maganin farfaɗiya, Gardénal ne ko Dépakine ko Tégrétol, ba a tsallake shi, ba a tsayar da shi don an ga sauƙi. A sayo sabo tun saura na mako guda. In azumi ya zo, a tambayi likita tun Sha'aban. In farfaɗiyar ta zo, a kwantar da shi a gefe, a kawar da abin da zai buge, kada a cusa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura ruwa ko rubutu. In ta wuce minti biyar, a kira 15 ko 18, ko a nemi mota. Kuma a nisanta shi da ƙwayoyin masu talla a tire, musamman tramol, wanda shi kansa yana tayar da farfaɗiya.

Ciyarwa a zaune tsaf, cokali ƙarami, kunu mai kauri kafin ruwa, domin ruwa ne ya fi saurin bin hanyar iska. In yana tari ko muryarsa ta jiƙe bayan haɗiya, a dakata a sanar da likita. Ya zauna rabin awa bayan ci.

Abin da ya fi ba iyali tsoro shi ne sauyin hali. Mai haƙuri ya zama mai faɗa, mai kunya ya riƙa sakin magana, ko ya san abin da yake son faɗa kalmar ta ƙi zuwa. A garin da mutum ɗaya ke jin Hausa da Zabarmanci da Faransanci, za ka ga wani harshe ya riga wani dawowa. Nan take za a ce iska ce ko sammu. Rauni ne a wurin da ke riƙe da hali da magana. A yi masa addu'a, a kuma yi masa magana gajera, mutum ɗaya a lokaci ɗaya, a ba shi lokaci ya amsa, kada a ƙarasa masa jimla. Ƴan dubiya kuwa, Allah ya ba su lada, amma mutum goma sha biyar a ɗaki ɗaya kowa na cewa "ka gane ni?" azaba ce ga ƙwaƙwalwar da ke jinya. A sa dattijuwa ɗaya a bakin ƙofa, wadda ba a iya yi wa musu, ta riƙa shigar da su bibbiyu. Inna ce ta riƙe mana wannan muƙami, har limamin unguwa sai da ya jira.

Ranar komawa asibiti, ku je ko da kuna ganin babu abin da ya canza, ku je da littafin nan da ambulan ɗin hotuna gaba ɗaya, tsoho da sabo, domin da kwatanta su likita ke gane ko ƙarfe ya motsa. Kada a naɗe hotunan, kada a bar su a rana ko a bayan gilashin mota. Takardar bayanin aikin kuma ku ɗauke ta a waya, ku tura wa mutum biyu a dangi. Tamu ta asali tana nan ƙarƙashin katifar Inna, a cikin ledar da aka sallame mu da ita.